Wa Ya Zauna a Gidan Nan? Ofishin Filaye, Kotu, Akwatin Takardu ko Bakin Tsofaffi

Masu wannan tambaya iri biyu ne. Akwai ɗan Wad Madani ko Gadarif ko Kasala a Sudan da ya tashi a gidan da kakansa ya bari, yana so ya san su wa suka zauna a ciki, daga ina suka zo, ina kuma suka nufa. Akwai kuma na Kano ko Sakkwato ko Damagaram da aka gaya masa cewa ƙanen kakansa ya yi gabas a ƙasa da niyyar aikin Hajji, wasiƙarsa ta ƙarshe daga wani gida a Sudan ta fito, daga nan sai shiru. Dukansu ta gida suke son bi su kai ga mutane. Hanyoyin da ke gabansu sanannu ne: ofishin rajistar filaye, kotun shari'a, takardun da iyali suka adana, tsofaffin unguwa, sai kuma manyan ma'ajiyar tarihi. Ba wanda ke da kuɗi da lokacin bin duka a tare, balle yanzu da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa mutane ya kuma rufe ofisoshi da dama. Dole a zaɓi ta farawa, kuma zaɓin yana da nauyi.

Abin da zai fi taimaka wa mai zaɓi shi ne ya tuna irin gidan da yake bincike a kai. Gidan Bahaushe a Sudan ba kasafai yake zama na iyali ɗaya ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har ya isa bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, aka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar. Tun kafin wannan alhazai na bin hanyar, ta Abashe da Jinaina da Fashir da Ubayyid har zuwa Sawakin, tashar jirgin ruwa a bakin Bahar Maliya, bayan nan kuma suka ƙaru. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga a Jazira, sai mai tafiya ya sami inda zai tsaya ya nemi guzuri. Shekara ɗaya ta zama goma, goma ta zama zama. Wanda ya riga ya yi gida shi ke saukar da wanda ya biyo baya: ɗan garinsu, almajirin malaminsu, bazawara da 'ya'yanta, tsohon da ƙafa ta gaza masa. A takarda gidan na mutum ɗaya ne. A zahiri mutum arba'in ko fiye sun kwana a ɗakunansa, kuma sau da yawa wanda kake nema yana cikin waɗannan ne, ba shi ne mai gidan ba.

Mu fara da ofishin rajistar filaye, tun da nan hankalin kowa ke fara zuwa. Tushensa dokar tantance filaye da rajistarsu ta 1925 ne, kuma yana ƙarƙashin hukumar shari'a. Abin da ake nema a can shi ne takardar da kowa ya sani da shahadar bahas. Tana nuna sunan mai mallaka, lambar fili, lambar murabba'i ko hara (wato rukunin gidaje a unguwa), girman filin, irin mallakar (mallaka ce ta har abada ko hikir ne, wato haya ta dogon lokaci daga gwamnati), da ko akwai jingina ko kotu ta riƙe shi. Ƙarfinta shi ne ba ta mantuwa, ba ta son kai, tana kuma ba da kwanan wata. Idan tsofaffi biyu suka yi musu kan ko kakanka saye ya yi ko gado ya ci, ita ce mai raba gardama.

Sai dai a kula da abu biyu. Shahadar da aka saba bayarwa mai mallakar yau take nunawa, ba jerin waɗanda suka gabace shi ba. Mai neman tarihi sai ya faɗa ƙarara cewa jerin canjin hannu yake so tun daga rajistar farko, wato wadda ake ce wa tarihiyya, in ba haka ba zai biya kuɗi ya karɓo sunan da ya riga ya sani. Abu na biyu, ofishin ba ya aiki da kwatance. "Gidan da ke bayan masallacin Hausawa, kusa da mai niƙa" ba zai buɗe maka littafi ba. Lamba ake so, kuma lambar tana gida, cikin tsofaffin takardu.

Babbar gazawar wannan hanya ita ce gidaje da yawa na mutanenmu ba su taɓa shiga littafin ba. A ƙauyuka shehun gari ne ke nuna wa baƙo wuri ya ce gina nan, shaidu su ne maƙwabta. Dokar 1970 ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, dokar mu'amaloli ta 1984 da ta maye gurbinta ba ta sauya wannan tushe sosai ba. Waɗanda suka zauna a kambo, wato matsugunan 'yan ƙwadago a gefen gonakin Jazira, kuwa ko takardar riƙo ba su da ita. Littattafan hukumar noman sunan mai hawasha, wato wanda aka ba gonar, suke ɗauke da shi, ba sunan wanda ya tsinci audugar ba. Haka kuma unguwannin da aka tashe. Tsofaffin duyum na Khartum, wato unguwannin talakawa, an rushe su ne daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, unguwar Ushash Fallata kuma a zamanin shugaba Umar al-Bashir aka kwashe mutanenta zuwa Ingaz a kudancin birnin. Wanda ya je neman lambar gida a irin waɗannan wurare zai tarar rajistar ta fara ne daga ranar da aka raba sababbin filaye. Duk abin da ya faru kafin ranar ba ya ciki. Don haka ra'ayina shi ne: idan gidan yana cikin gari a unguwar da aka tsara, mai murabba'i da lamba, ofishin filaye ya cancanci wahalarsa. Idan a ƙauye ne ko kambo ko unguwar da aka tashe, kada a ɓata kuɗin mota.

Kotun shari'a ba ta cika zuwa wa mutane a rai ba, amma in za a ce in ɗauki takarda ɗaya tak, tata zan ɗauka. Idan mai gida ya rasu aka zo rabon gado, kotu na fitar da i'ilam shar'i, takardar da ke lissafa magada ɗaya bayan ɗaya. A nan ne za ka ga sunayen mata a rubuce: matan mamacin da suka raba tumuni, 'ya'yansa mata, mahaifiyarsa in tana raye. Shahadar bahas za ta iya cewa "magadan wane" ta tsaya nan, i'ilam kuwa zai gaya maka su waye. Daga gare shi kake gane cewa kakanka yana da wata mata da ba a ambata a gida, ko akwai ɗiyar da aka aurar Bur Sudan wadda jikokinta na nan da rai. Yana kuma ba da shekarar rasuwa, wadda ita ce turken da ake ɗaure sauran labari.

Iyakarsa a fili take. Magada yake ƙirgawa, ba mazauna ba. Agola ba ya ciki, ɗan riƙo ba ya ciki, matar da aka saka kafin rasuwa ba ta ciki, baƙon da ya shekara ashirin a ɗakin zaure ba ya ciki. Ga shi iyalai da yawa ba su kai gadonsu kotu ba. Liman ya raba a tsakar gida, kowa ya yi fatiha ya tashi. Kuma kotu ta fi sauraron wanda ke da alaƙa da gadon, don haka wannan hanya ta fi sauƙi ga ɗan gida a kan baƙon da ya zo daga nesa.

Yanzu ga hanyar da ba ta cin ko sisi, wadda kuma aka fi rainawa. Kusan kowane tsohon gida yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin angareb, wato gadon igiya, ko gafaka rataye a ƙusa, ko leda da aka cusa a bayan Alƙur'ani. A ciki za ka samu rasiɗan awayid, harajin gida, wasu sun yi ja don tsufa, an rubuta lambar gidan da sunan mai biya da tawada a sama. Jera su shekara bayan shekara a kan tabarma: shekarar da sunan ya canja, a nan wani ya rasu ko ya sayar. Za ka samu tsohuwar takardar ruwa da ta wuta. Za ka samu gasimar aure, mai ɗauke da sunan ango da amarya da waliyyi da shaidu, kuma shaidun nan galibi maƙwabta ne ko mazauna gidan. Za ka samu takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, da fasfon alhaji, da wasiƙun ajami da aka aiko daga ƙasar Hausa, waɗanda ake rubuta wa a baya cewa a kai wa wane ta hannun wane. Wannan "ta hannun wane" shi ne sunan mai masauki, kuma ga wanda ke nema daga Najeriya ko Nijar ba shi da abin da ya fi shi daraja.

Wannan akwati shi ke ba da lambar da ofishin filaye ke nema, shi ke ba da shekarar da kotu za ta duba. Matsalarsa ɗaya ce babba: yana hannun mutum ɗaya, kuma mutumin na iya jin tsoron buɗe shi. Kada a nemi a tafi da takarda ko da ta kwana ɗaya ce. A ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, a gaban mai ita, a mayar masa a hannu. A kuma yi hattara da ranar haihuwa. Mutane da yawa na zamanin da ba a haife su a asibiti ba, likita ne ya kimanta shekarunsu aka ba su shahadar tasnin, shi ya sa za ka ga rabin gida an haife su ranar 1 ga Janairu. Shekarar ma kintace ce, tana iya kaucewa da uku ko biyar.

Tsofaffin unguwa su ne hanyar da zan fi daɗewa a kanta, don su kaɗai ke amsa ainihin tambayar. Takarda ta san mai gida. Tsohuwar da aka kawo ta gidan tana amarya ta san wanda ya kwana a kowane ɗaki. Na faɗi tsohuwa da gangan. Maza sun wuni a kasuwa da gona, sun san wa ya sayi gida da nawa. Mata ne suka wuni a ciki, su suka karɓi haihuwa, su suka yi wankan gawa, su suka san wadda ta zo da goyo da wadda ta tafi da ciki. Ka ce mata, "Kaka, su wa suka zauna a gidan nan?" sai ta ce, "Ai da yawa, ɗan nan, wa zai ƙirga?" Amma ka kama hannunta ku tsaya a bakin ɗakin da ke kusa da rakuba, wato rumfar gida, ka ce, "Lokacin da aka kawo ki, wa ke cikin wannan?" sai ka ji suna ya fito, da garinsu, da sana'arsa, da matarsa mai yin ƙosai, da yadda ya tafi Sawakin bai dawo ba. Daga nan ku matsa ɗaki na gaba. Idan gidan ya rushe ko an gudu an bar shi, a zana shi a ƙasa da tsinke ko a takarda, a bi shi ɗaki-ɗaki kamar yadda ake bin carbi.

Shekara ma ba a tambayarta da lamba. Ana ɗaura ta a jikin abin da kowa ya tuna: kafin Turawa su tafi a 1956 ko bayan tafiyarsu, shekarar babbar ambaliya ta 1946 ko ta 1988, hawan Numairi a 1969, yunwar 1984 zuwa 1985. "Tana goyon Ladi aka yi ambaliya" ya fi "wajen shekara sittin" amfani nesa ba kusa ba.

Ga kuma inda wannan hanya ke da rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Tsufa na haɗa mutum biyu masu suna ɗaya su zama ɗaya. Kunya na sa a tsallake saki da bashi da auren da bai yi daɗi ba. Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da mu, wanda duk mai bincike ya kamata ya riƙe da tausayi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a nuna cewa zuriyar mutum ta wajen uba tana zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. An sassauta daga baya, amma tsararraki guda sun rayu da sanin cewa shekarar zuwan kakansu na iya hana ɗansu jinsiyya, da makaranta, da aikin gwamnati. Wasu sun tura shekarar baya, wasu sun daina ambaton garin asali, wasu sun rubuta sunan mai masauki a matsayin kaka. Wannan ya taɓa baki, ya kuma taɓa takarda, don abin da aka faɗa wa akawu shi ya rubuta. Idan dattijo ya yi shiru da ka tambaye shi yaushe suka zo, ba mantuwa ba ce lallai, kuma bai kamata a matsa masa ba. A bar tambayar, a koma kan ɗakuna da sana'o'i da aure, amsar kan fito da kanta ta gefe.

Sai batun suna, wanda ke haɗa hanyoyin nan ko ya raba su. Tsofaffi da laƙabi suka san mutum: Tanko, Dogo, Ɗanjuma, Talatu. Akawu kuwa sunan yanka ya rubuta da Larabci, haɗe da na uba da kaka. Garba da Habu duk Abubakar ne a littafi, Shehu Usman ne, Audu Abdullahi ne, Mamman Muhammadu ne. Duk wanda aka ambata maka, ka nemi laƙabinsa da sunan yankansa da sunan mahaifinsa da garinsu, ka rubuta su wuri ɗaya. In ba haka ba za ka riƙe i'ilam a hannu, sunan wanda kake nema na ciki, ba ka gane shi ba.

Manyan ma'ajiyar tarihi ba zan ja magana a kansu ba. Darul Wasa'iƙ, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Khartum, wadda Muhammad Ibrahim Abu Salim ya daɗe yana jagoranta, da tarin takardun Sudan na Jami'ar Durham a Ingila da aka kafa a 1957, suna da rahotannin jami'an mulki da taswirori da hotuna. Za su gaya maka yadda aka kafa unguwa ko aka tashe ta, wani lokaci har da sunan shehunta. Sunan talakan da ya yi haya a ɗakin baya ba ya cikinsu sai da sa'a. Wanda ke rubuta tarihin unguwa ya je. Wanda ke neman kakansa ya bar su zuwa ƙarshe.

To da wacce za a fara? Na ce da tsofaffi, ko da gidan yana da rajista mai kyau, kuma dalilina ba wai sun fi takarda gaskiya ba ne. Littafin filaye in ya tsira zai jira ka shekara biyar. Mai shekara tamanin da biyar ba ta da wannan alkawari, ga shi yaƙi ya watsa mutanen unguwa ɗaya zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan da Masar, wasu har Najeriya. Wad Madani ta fita hannun soja a Disamba 2023 ta dawo a Janairu 2025, kuma ba duk wanda ya fita ne ya koma ba. Tsohuwar da ta san ɗakunan gidanku wataƙila yau tana zaune a gidan jikarta a wani gari, saƙon murya ta WhatsApp zai isa gare ta yau ɗin nan. A nemi izininta a naɗi maganar. Bayan ta sai akwatin takardu, a fitar da lamba da shekara. Daga nan, in gidan na cikin tsari kuma an taɓa kai gado kotu, a nemi i'ilam, sannan shahadar tarihiyya ta zo ta tabbatar ko ta gyara. Idan baki da takarda suka saɓa, a ba takarda gaskiya kan kwanan wata da ciniki, a ba baki gaskiya kan wanda ya zauna da dangantakarsa, a kuma rubuta duka biyun kada a share ɗaya.

Wanda yake nesa yana da ƙarin zaɓi: ya ɗauki lauya, ko ya nemi ɗan unguwa. Lauya ya san ƙofar ofis da irin takardar da ake cikawa, ga shahada da i'ilam shi ya fi. Amma ranar da lauya ya yi sallama a ƙofar gida yana tambayar wa ya zauna a nan, ranar bakin kowa zai rufe, don abin da za a ji shi ne an zo neman gado. Dillalin filaye ya fi wannan muni. A wannan lokaci da gidaje da yawa ke tsaye ba kowa, mutane na tsoron duk mai tambayar lambar fili, kuma suna da hujja. Shigar da ta dace ita ce ta hannun limamin masallacin unguwa ko shehun Hausawan wurin. A gaya masa sunan wanda ake nema da garinsu da sunan mai masaukinsa, a kuma faɗa tun a zaman farko, a gaban shaida, cewa ba fili ake nema ba, ba gado ba, zumunci ne. In har akwai haƙƙin gado da gaske kuma ana da niyyar nemansa, to a faɗi hakan tun farko a bi ta kotu, kada a fake da tarihi a kwashi maganar tsofaffi sannan a juya ta a kansu. Wanda ya yi haka ya rufe ƙofar ga duk mai zuwa bayansa daga garinsu.